Goyon Marigayi Dod

Siket ɗin matar da ke cikin hoton a jiƙe yake har cinya. Hoton ya yi shekaru a rataye a wani ɗakin nunin zane a birnin Edinburgh. Manyan mutane sun tsaya gabansa sun cire hula, matansu sun share ƙwalla, masu rubutu a jarida sun yaba duhun da ke ƙasan tufafin, suka ce inuwar baƙin ciki ce ta taso daga ƙasa tana haɗiye baiwar Allah. Babu wanda ya lura cewa duhun ya tsaya cak a layi ɗaya, daidai inda ruwan gaɓar Portlennie, garin masunta, ke kai wa mace mai matsakaicin tsawo. Ruwa ne kawai. Grizel Swankie ta dawo ke nan daga goya mijinta zuwa jirgi, mai zanen ya tare ta ya ce ta tsaya ta kalli teku. Sunan da ya raɗa wa hoton shi ne "Teku Ta Cinye Mijinta."

Mijin da tekun ta cinye, wato Dod, a daidai lokacin yana zaune cikin jirgi da busassun ƙafafu, yana cusa taba a lofe.

Portlennie ba ta da wurin da jirgi zai matso ya jingina. Duwatsu ne da tsakuwa, sai jiragen su tsaya can cikin ruwa. Namijin da ya hau jirgi da jiƙaƙƙiyar safa kuwa a cikinta zai wuni, iskar arewa na kaɗa shi, ya dawo da tari, tarin ya raka shi makabartar bayan coci. Shi ya sa tun zamanin kakanni mata ke tattare siket su goya maza su kai su jirgi. In sun dawo su je su ɗauko su, sannan su koma su ɗauko kifin. Ba a taɓa jin an ce sanyi yana kama matan ba, ko da yake ba a taɓa tambayarsu ba.

An haifi Grizel a gidan ƙarshe na layin masunta, wanda iska ke fara gaisarwa. Ta tashi kamar kowace yarinyar garin: ɓare ƙumba, sa wa ƙugiyoyi abinci, ɗaukar kwandon kifi zuwa ƙauyukan manoma a kan tudu. A Portlennie ba fuskar budurwa ake dubawa ba, bayanta ake dubawa. Ranar da uwar Dod ta ga Grizel ta haye hanyar tudu da cikakken kwando ba ta tsaya shan iska ba, ta koma gida ta ce wa ɗanta, "Na ga wadda za ta iya da kai." Ba ƙaramar magana ba ce, don Dod tun yana saurayi in ya tsaya a bakin ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Ita kuma Grizel ta so shi ne saboda ba ya magana. Ta taso a gidan da kowa ke ihu don muryarsa ta fi ta iska, sai ga mutumin da zai zauna yamma guda bai ce uffan ba. Ta ce wannan ai hutu ne. Suka haifi 'ya'ya mata uku, dukansu suka yi aure a garuruwan da ke da matsayar jirgi, don ba wawaye ba ne.

Masu zane sun fara zuwa ne bayan jirgin ƙasa ya iso garin da ke kusa. Kowace bazara sai su sauka da laima da akwatunan fenti, suna neman talauci, amma mai tsabta, irin wanda zai dace da bangon falo. Garin bai daɗe ba ya gane abin da suke so. Akwai wani ruɓaɓɓen jirgi da aka yi niyyar faskarawa a yi makamashi, sai aka bar shi, har akan ɗan tallafe shi in hunturu ya nemi ƙarasa shi. Tsofaffi suka koyi nuna teku da bakin lofe ko da babu abin nunawa. Kowace mace ta ajiye yagaggen mayafi guda a ƙasan akwati, na masu zane, ban da mai kyau na zuwa coci.

Grizel ce ta fi kowa kasuwa. Idonta ba ya gani da nisa, don haka in ta kalli teku sai ta tsuke fuska ta ɗan karkata kai. Masu zane suka ce ba su taɓa ganin baƙin ciki mai zurfin wannan ba. Ita kuwa tana tsaye ne tana tunanin ko gishiri zai kai ƙarshen mako. Sule guda ake ba ta, kuma tsayuwa babu kaya a baya, a wurinta, kusan kwanciya ce. An zana ta tana jiran ɗa, tana jiran miji, tana jiran uba, har akwai wanda ya zana ta tana jiran abin da shi kansa bai sani ba. Ba ta taɓa tambayar sunan da ake sa wa hotunan ba. Ta ɗauka in fenti ya bushe magana ta ƙare.

Ninian Gourlay, wanda ya yi hoton jiƙaƙƙen siket, siririn saurayi ne a lokacin, mai yawan ba da haƙuri. Hoton ne ya yi masa suna. Shekaru suka shuɗe, wani kamfanin shayi ya sayi izinin buga shi a jikin gwangwaninsa. Wata safiya, ana dab da tashin jirage zuwa arewa kakar kifin herin, gwangwanayen suka iso kantin Beenie Coull. Beenie ta ɗauki ɗaya ta kai shi kusa da hanci, ta karanta rubutun da ƙarfi yadda na waje ma za su amfana. A ƙasan sunan hoton an ƙara kalma ɗaya: Portlennie.

Kafin rana ta take, gwangwanin ya zagaya gari ya isa hannun Eck Spink.

Eck shi ne mai jirgin da Dod ke aiki a ciki tun kafin ya yi aure. Gajeren tsoho ne mai yawo da ƙusa a aljihu, wadda yake taɓawa duk lokacin da aka ambaci abin da ba a ambata kusa da ruwa. Ya taɓa juya jirgi ya dawo gida saboda wani ya yi fito. Grizel ta same shi a bakin gaɓa, maza kewaye da shi, yana riƙe da gwangwanin da yatsu biyu kamar mai cizo.

"Baba Eck, an ce kana nemana."

"Ba nema ba ne, 'yata. Ta'aziyya zan yi miki."

"Ta wa?"

Ya miƙa mata. Ta karanta a hankali, leɓɓanta na motsi.

"To ai ƙarya ce. Ga shi can yana ɗinkin raga."

"Na gan shi. Ba ni da komai da Dod, mutumin kirki ne. Amma ni ba na ɗaukar gawa a jirgina."

"Gawar da ta shanye kwano biyu na kunu da safen nan, ta lashe cokali?"

"An rubuta, an buga. Yanzu haka daga nan har Landan mata na zuba shayi suna cewa, Allah sarki, bawan Allah. Duk wannan bakin, kina ganin teku ba ta ji?" Hannunsa ya shige aljihu.

Grizel ta matso da gwangwanin dab da idonta, sai ta ga layin da ruwa ya tsaya a siket ɗin.

"Dubi nan, Baba. Siket ɗina a jiƙe yake. Ranar ma daga kai shi jirginka nake. Kai da kanka ka miƙa masa hannu ya hau."

Eck ya duba. Ya gyaɗa kai a hankali, irin na likitan da ya ga cutar ta wuce yadda ya zata.

"Kin gani ko? Kin kai shi. Ina aka nuna kin dawo da shi?"

Mazan suka yi ta gyaɗa kai su ma. Ba wanda ya yi tunanin wannan sai Eck, shi ya sa yake da jirgi.

"Ɗan ƙanwar matata na neman wuri," in ji shi. "In ranar tashi ta zo Dod bai dawo daga inda yake ba, wurinsa ya zama nasa."

"Yaya zai dawo daga inda bai je ba?"

"Abin da ya kai shi ya dawo da shi. Ni ba mai ilimi ba ne."

Kakar herin ce ke riƙe gida har hunturu ya fita, kuma a garin wanda Eck ya ƙi, babu mai jirgin da zai ɗauka. Grizel ta san wannan. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda mutuwar ta karɓi Dod. Ya ja kujera gefen murhu ya zauna. Maza in sun wuce ta taga sai su ce, "Sannu da hutawa, marigayi. Yaya can ɗin?" Shi kuma ya ce, "Da ɗumi." Beenie ta aiko da gurasar zaman makoki, ya cinye. A gidan giya aka daina barinsa ya biya, wai ba a karɓar kuɗin mamaci. Kumatunsa suka fara cikowa.

Fasto ya yi wa'azi mai zafi ranar Lahadi a kan camfi. Kowa ya yaba, Eck ma ya tsaya a bakin coci ya ce bai taɓa jin wa'azi mai ratsa jiki irin wannan ba. Sai dai fasto na cikin abubuwan da ba a ambata kusa da ruwa, don haka maganarsa ta tsaya a kan tudu.

"Kai ko a jikinka?" Grizel ta tambayi Dod, tana ƙoƙarin share ƙarƙashin ƙafafunsa.

"Na damu mana." Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya sauke, ya ɗaga ɗayar. "Sai dai ban taɓa sanin ana iya kwanciya har rana ta fito ba, Grizel. Ashe haka mutane ke yi."

Mista Gourlay ya iso a makon ƙarshe kafin tashin jirage, kamar yadda ya saba kowace bazara. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, ya sayi faffaɗar hula a Faransa, ya kuma daina ba da haƙuri. Grizel ta tare shi a kan hanyar gaɓa da gwangwanin a hannu. Da ganin gwangwanin ya kau da kai kamar an nuna masa hotonsa yana jariri tsirara.

"Kada ki tuna mini da wannan, Uwargida Swankie. Ƙuruciya ce. Labari ne na ba mutane, ba zane ba."

"Labarin ya kashe mini miji, Yallaɓai."

Ta yi masa bayani. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce zai ba abokansa labari a Edinburgh. Da ya ga ita ba ta dariya, ya gyara murya.

"Ki fahimce ni. Na daina zana mutane. Yanzu haske nake zanawa, da iska, da yadda ruwa ke canza launi kafin ido ya ƙifta. Mutum a wurina ɗigo ne."

"To ka ɗiga mini Dod. Babban ɗigo ne, ba zai ba ka wuya ba."

"Ba a yi wa mai zane odar abin da zai gani."

"Kamfanin shayi fa?"

Sai ya ce in tana son ta taimaki fasaha, yau da yamma yana son a kai shi kan Baƙin Dutse, don daga can hasken faɗuwar rana ke kwanciya a kan ruwa yadda yake so. Ya kalli takalmansa. Na Paris ne, masu laushi, kalar zuma.

Grizel ma ta kalle su. Ta ce, "To, Yallaɓai."

Baƙin Dutse yana ɗan nesa da gaɓa. In ruwa ya janye, iyakarsa gwiwa. In ya cika, sai tsuntsayen teku ma su nemi wani wurin. Grizel ta sha kai masu zane can. Da yamma ta tattare siket, ta durƙusa, Mista Gourlay ya hau bayanta da akwatin fenti da ƙyallen zane da sandunan jingina shi, yana yi mata bayanin launin inuwa a kunne. Bai kai rabin Dod ba. Ta sauke shi a kan dutsen, ta taya shi kafa sandunan, ta juya.

Sai a lokacin ya lura da wani ƙaramin kwalekwale da aka ɗaure tsakanin dutsen da gaɓa. Dod na zaune a ciki da kayan aiki, fuskarsa irin ta wanda aka tasa daga barci mai daɗi.

"Me wancan yake yi a cikin haskena?"

"Dawowa zai yi, Yallaɓai. Zan ɗauko shi in kai shi tudu, kai kuma ka zana. In ka gama in zo in ɗauke ka."

"In kuma na ƙi?"

"Ai ba dole. Ruwa ya fara juyowa dai."

"Wannan fashi ne! Zan kai ki ƙara!"

"Sai ka sauko tukuna."

Mista Gourlay bai iya iyo ba. Wannan ba abin kunya ba ne a Portlennie, don babu masuncin da ya iya. Ya kalli ruwan, ya kalli takalman, ya ɗaga murya ya kira mutanen da ke gaɓa. Tsofaffin da ke zaune can suka ga mai zane na ɗaga musu hannu, sai suka miƙe suka nuna teku da bakin lofe.

Grizel ta je gefen kwalekwalen ta juya baya. "Hau, marigayi."

Ta kai shi tudu ta sauke. Ta waiwaya, Mista Gourlay na tsaye hannu a ƙugu. Ta sake goya Dod ta mayar da shi kwalekwale, don ba yadda za a dawo da mutum sai an kai shi. Ta sake ɗauko shi. A zuwa na gaba ta ga an buɗe akwatin fenti. Yana shafa launi da fushi, yana ƙunƙuni, buroshin na dukan ƙyallen kamar shi ya yi masa laifi. Ruwa ya wuce mata gwiwa.

"A hankali, Grizel, kina girgiza ni," in ji Dod.

"In sake ka ka ji yadda girgiza take?"

Rana ta sauka bayan tudu, hasken ya zubo ja-ja a kan ruwa, wani baƙin gajimare ya taso daga kudu. Ƙunƙunin da ke kan dutse ya tsaya. Da ta sauke Dod a karo na ban san nawa ba, tana haki, bayanta na ci da wuta, ta ɗaga kai ta ce ko ya isa. Mista Gourlay ko kallonta bai yi ba.

"Sake!" ya daka mata tsawa. "Maza, kafin ya gudu! Sake!"

"Wa zai gudu? Ni?" in ji Dod.

"Hasken, jaki! Uwargida, sake!"

Ta sake. Ta kuma sakewa. Ruwa ya kai mata ƙugu, haƙoranta na kaɗawa, ita da ta kafa tarkon yanzu ita ke roƙon a tashi. Da ƙyar ta raba shi da dutsen. Ya hau bayanta yana riƙe da ɗanyen zanen sama da kansa da hannu biyu. Takalman Paris sun daɗe a cikin ruwa, bai ma sani ba.

Cikin dare aka yi ruwan sama. Da safe aka jingina zanen a bangon kantin Beenie, gari ya taru. Eck ya zo ƙarshe, hannu a aljihu. Ya sunkuya ya kai hancinsa dab da ƙyallen.

Grizel ma yanzu ta fara ganinsa da rana. Babu Dod, babu ita, babu kwalekwale. Fenti ne curi-curi, shuɗi da ja da toka, an yaɓa shi ta ko'ina.

"Kamar an zubar da kunu a kan tsumma," in ji Beenie.

"Ina Dod ɗin?" in ji Eck.

"Ba a nan ake kallonsa ba," in ji Mista Gourlay, muryarsa a dishe saboda mura. "Ku ja baya."

Suka ja.

"Ƙara."

Suka ƙara, gari guda na tafiya da baya, har suka dangana da sandunan shanya raga. Grizel ba ta ganin komai daga nan sai wani abu mai murabba'i a jikin bango. Fuskokin mutane ta koma kallo. Ta ga bakin Beenie ya buɗe.

"Laa! Ga ta can! Ga shi a bayanta, ƙato, kamar buhun gishiri!"

"Shi ne," wani ya ce. "Dubi yadda ya saki jiki. Babu mai sakin jiki haka sai Dod."

Aka fara dariya. Eck bai yi ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Fita suke ko dawowa?"

Dariyar ta mutu. Babu fuska a zanen, babu yatsun ƙafa, babu abin da zai nuna ina matar ta dosa. Kuma gaskiyar magana, sau nawa ta dawo da shi, sau nawa ta kai shi.

"Ai ba wannan ne abin dubawa ba," Mista Gourlay ya fara. "A irin wannan zane, inda mutum ya dosa ba shi da..."

Grizel ta taka masa ƙafa.

Eck ya matsa gefe, ya karkata kai. Ya daina kallon mutanen da ke cikin zanen, ya koma kallon samansa, yadda yake yi kowace asuba a ƙofar gidansa.

"Rana na bayan tudu," ya ce a hankali. "Yamma ce. Ruwa na cikowa, dubi yadda kumfa ke hawa duwatsu. Iska ta juya kudu. Wancan gajimaren kuwa ruwa ne a cikinsa, ba zai kai safiya ba. Haka kuwa aka yi. Babu mahaukacin da zai fita a wannan lokaci da irin wannan sama. Dawowa ce."

Ya zare hannu daga aljihu, ya juya wurin Dod. "Barka da dawowa. Gobe da asuba, kada ka makara."

Dod ya sauke ajiyar zuciya mai tsawo. "Da an ɗan ƙara mini kwana biyu," ya ce.

Mista Gourlay kuwa idanunsa sun kawo ruwa, ba na mura ba. Ya kama hannun Eck da hannu biyu. Ya ce shekara da shekaru yana nuna irin wannan aiki a birni, ana ce masa bai ƙarasa ba, ana tambayarsa ko idonsa ne ya lalace. Yau ga mutum ya karanta masa iska a cikin fenti.

"Sama kam ka iya ta," in ji Eck, yana ƙwace hannunsa. "Amma wancan kwalekwalen naka ko kare ba zan sa a ciki ba."

Washegari Grizel ta goya Dod zuwa jirgi. Ya ƙara nauyi.

Da bazara ta zagayo, wata safiya tana fitowa daga ruwa bayan ta kai shi, ta tarar da Mista Gourlay a tsaye a kan tsakuwa, sanye da manyan takalman masunta da suka yi masa yawa. Ya gaishe ta, ya tambayi 'ya'ya, ya yi ta juya hula a hannu. Ya waiga ya tabbata babu kowa kusa.

"Akwai abin da ya kamata ki sani. Zanen nan. Dillalin da ya rataye shi ya ce ba a sayen hoto babu suna mai taɓa zuciya. Ban sani ba sai da na gani a bango."

"Me ya sa masa?"

"'An Tsamo Gawarsa.'"

Grizel ta tsaya, ruwa na ɗiga daga siket ɗinta. Ta kalli inda jirgin Eck ya nufa, ta tsuke fuska, ta karkata kai.

"Za a buga shi a gwangwani?"

"A'a." Ya sunkuyar da kai. "Babu kamfanin da ke so. Ko mai saye ma bai samu ba. Yana can bayan kanti, fuskarsa na kallon bango."

"Madalla," in ji Grizel. "Ka riƙe irin wannan zanen, Yallaɓai. Ya fi."

Mista Gourlay ya ce hasken safiyar nan na da kyau, ko za ta ɗan tsaya masa yadda take ɗin nan, tana kallon teku.

Ta ce tana da aiki. Ta matse gefen siket ɗinta, ta haye gida, ta ƙara gawayi a murhu, ta ɗauko ɗaya safar Dod ta shanya a kusa da wuta don ta yi ɗumi kafin ya dawo.